Takobi 400 Saboda Baƙar Magana Ɗaya: Nazarin Fushin Dawuda a Karmel

Fushin da ya fi ba fastoci da dattawan ikilisiya wahala shi ne na mutumin da aka cuta da gaske. Wanda ya san shi ne da laifi, kunya kan rage masa gudu. Mai gaskiya kuwa, idan zuciya ta ɗebe shi, babu abin da ke riƙe shi daga ciki, domin duk sanda ya waiwaya sai ya tarar da hujjarsa tana nan daram. Babi na 25 na littafin 1 Sama'ila ya ajiye irin wannan lamari daga tushe har ƙarshe, da sunayen mutanen, da yawan takubba, har da lissafin abincin da aka kai aka kashe wutar.

Yadda abin ya taso

Dawuda yana gudun hijira daga Sarki Saul a jejin kudancin Yahuza, da mutane wajen 600. Annabi Sama'ila, wanda ya shafe shi da mai, ya rasu bai daɗe ba. A yankin akwai wani attajiri mai suna Nabal, mutumin Mawon daga zuriyar Kalibu, dukiyarsa tana Karmel, wani ƙaramin gari kudu da Hebron (ba dutsen Karmel na labarin Iliya ba, wancan yana can arewa). Tumakinsa 3,000, awakinsa 1,000. Makiyayansa sun yi kiwo kusa da sansanin Dawuda, ba a taɓa su ba, ko ɗan akuya bai ɓata ba. Ɗaya daga cikin barorin Nabal ɗin da kansa ya shaida cewa mutanen Dawuda sun zame musu garu dare da rana.

Da lokacin sausayar tumaki ya yi, wanda a al'adarsu ranar biki ce da yanka da kyauta, Dawuda ya aiki samari 10. Saƙon babu abin kushewa a cikinsa. Ya fara da gaisuwar salama ga Nabal da gidansa da duk abin da ya mallaka, ya ce a tambayi makiyaya su faɗi gaskiya, bai yanka adadi ba, ya ce abin da ya sawwaƙa a ba bayinka da ɗanka Dawuda. Mutumin da aka shafa domin sarauta ya kira kansa ɗa a gaban mai tumaki.

Nabal ya ce: wane ne Dawuda, wane ne ɗan Yesse? Bayin da ke tsere wa iyayengijinsu sun yi yawa a kwanakin nan. In ɗauki gurasata da ruwana da naman da na yanka wa masu yi mini sausaya in ba mutanen da ban san daga inda suka fito ba? Samarin suka koma suka kwashe duka suka faɗa. Amsar Dawuda jimla ɗaya ce: kowa ya rataya takobinsa. Mutum wajen 400 suka bi shi, 200 suka tsaya gadin kaya. A hanya ya yi rantsuwa da sunan Allah cewa kafin gari ya waye ba zai bar namiji ko ɗaya da rai a gidan Nabal ba.

Me ya hura wutar

Abu na farko da mai ba da shawara zai raba shi ne asarar da aka yi da kuma raunin da aka ji. Asarar Dawuda abinci ne na yini ɗaya ko biyu. Babu yarjejeniya tsakaninsu, al'ada ce da sanin ya kamata kawai, kuma Hausawa sun riga sun yanke wa Nabal hukunci da cewa laifin babba rowa. Amma ba don nama aka rataya takobi 400 ba. Nabal ya sa yatsa daidai kan gyambon Dawuda, ya kira shi bawan da ya gudu daga ubangidansa, alhali Dawuda ya bar fada ne don tsira da ransa, bayan Saul ya jefe shi da mashi fiye da sau ɗaya. "Ɗan Yesse" kuma shi ne sunan da Saul yake kiransa da shi idan yana son ƙasƙantar da shi. Duk wanda ya zo da fushin da ya fi ƙarfin abin da aka yi masa, to a nemi tsohon ciwon da maganar ta fama. Sau da yawa wanda ake shirin huce haushi a kansa yana biyan bashin wani ne.

Wannan ya fito fili idan aka duba babin da ya gabata. A babi na 24, a kogon En-gedi, Saul ya shigo hannun Dawuda shi kaɗai, mutanensa suna zuga shi ya gama da shi. Gefen rigarsa kawai ya yanka, wannan ma zuciyarsa ta dame shi. Wanda ya kame hannunsa daga sarkin da ke farautar ransa shi ne yanzu zai shafe gida guda saboda zagin mai tumaki. Haka abin yake faruwa da mutane da yawa: babban gwaji an shirya masa, an yi addu'a a kansa, an ci. Ƙaramin kan zo ba zato, daga wanda ake ganin bai kai ba, ya tarar da mutum a gajiye. Mutum ya haɗiye cin fuskar shugabansa a wurin aiki wata da watanni, ya dawo gida ya fashe a kan matarsa don gishiri ya yi yawa a miya.

Akwai kuma abin da babu shi a labarin, rashinsa kuwa shi ne babbar alama. A babi na 23, kafin ya tafi ceton garin Kaila, Dawuda ya tambayi Ubangiji har sau biyu. Da ya ji Saul na tafe, ya ce wa Abiyata firist ya kawo falmaran, wato rigar firist da ake neman nufin Allah da ita, ya sake tambaya. A kan Nabal bai tambayi kowa ba. Mutumin da ya saba addu'a kafin ya ɗaga ƙafa, ranar da ya tsallake ta yawanci ya san amsar da zai samu ne, ba ya kuma son jin ta. Abiyatan nan shi kaɗai ya tsira a lokacin da Saul ya sa aka kashe firistoci 85, aka karkashe garin Nob, maza da mata da jarirai, saboda zargin mutum ɗaya. Dawuda yana da shaidar wannan ta'asa zaune a sansaninsa, ga shi ya kama hanyar maimaita ta.

Sai mutanen da ke kewaye da shi. Babi na 22 ya faɗi irinsu: masu shan wahala, masu bashi a wuya, masu ɓacin rai. A cikin 400 ɗin nan ba a rubuta ko ɗaya da ya ce a dakata ba. An yi cin mutuncin a bainar jama'a, an maimaita shi a bainar jama'a, don haka janyewa ta zama abin kunya a gaban mabiya. A hanya kuma Dawuda yana ta nanata wa kansa: a banza na tsare dukiyar mutumin nan, ya rama mini alheri da mugunta. Kowace kalma gaskiya ce, kowane maimaici kuma yana ƙara zafi. Masu cewa a bar mai fushi ya yi ta amayar da abin da ke ransa har ya huce su lura da wannan. Faɗa wa mai hankali sau ɗaya yana taimako. Juya maganar a zuci da sake ba da labarin ga duk wanda aka gamu da shi, da tura muryar zagin a WhatsApp ana sake saurare, horar da fushin ne.

Rantsuwar ita ce ƙulli na ƙarshe. Da zarar mai fushi ya sa sunan Allah a kan abin da zai yi, ya rufe wa kansa ƙofar komawa, ya mai da zunubi wajibi. Shari'ar da Dawuda ya sani ta hana ɗaukar fansa (Littafin Firistoci 19:18), ta kuma hana kashe wani saboda laifin wani (Maimaitawar Shari'a 24:16). Ko ƙa'idar ido a maimakon ido iyaka ce, kada ramuwa ta wuce ɓarna. A ma'aunin nan, zagi ba ya kai jinin mutum ɗaya, balle na makiyayan da suka yi masa kyakkyawar shaida. Su ne fa za su fara mutuwa. Duk wanda ya zauna inda ramuwar gayya ta taɓa cinye ƙauye saboda laifin mutum ɗaya ya san wannan lissafin ba tsohon labari ba ne.

Abin da Abigail ta yi, bi da bi

Ceton ya fara daga wani bara da ba a ambaci sunansa ba. Ya san ubangidansa ba ya jin magana, sai ya kai rahoto wurin wadda za ta iya yin wani abu, matar gidan, Abigail. Rahotonsa ya cancanci a koya wa matasa: ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi alherin da ɗaya ɓangaren ya yi, ya faɗi haɗarin da ke tafe, bai ƙara gishiri ba.

Abigail ta yi sauri. Ta ɗora wa jakuna gurasa 200, salkar ruwan inabi 2, tumaki 5 gyararru, mudu 5 na soyayyen hatsi, curin busasshen inabi 100, da curin ɓaure 200. A yi lissafi. Gurasa ɗaya ga mutum uku. Tunkiya ɗaya ga mutum 120. Tumaki 5 cikin 3,000, wato ɗaya cikin kowane 600. Abin da zai hana zubar da jini bai taɓa dukiyar gidan ba ko kaɗan, bai kuma isa ya ƙosar da rundunar ba. Aikinsa shi ne ya amsa cewa akwai haƙƙi kuma an gane shi. A nan masu sulhu da yawa suke kuskure: su zo wa wanda aka cuta da ayoyin haƙuri, hannu wofi, ba a taɓa maganar kuɗinsa da aka riƙe ko iyakar gonarsa da aka ci ba. Mutumin zai ji kamar an haɗa baki da wanda ya cuce shi, kuma bai yi kuskure sosai ba.

Ta tura barori da kayan gaba, ita tana biye. Kafin Dawuda ya ji kalma ɗaya daga bakinta, shi da mayunwatan mutanensa sun riga sun ga jakuna da abinci. Ta tare shi a hanya, a gangaren dutse, kafin ya iso inda zai ga fuskar Nabal. Da a ƙofar gida aka haɗu, ga maye ga takubba, da magana ba ta yi amfani ba. Ta sauko daga jaki, ta rusuna har ƙasa, ta nemi izinin magana. Tsakanin aya ta 24 da ta 31 ta kira shi shugabana fiye da sau 10. Abin da Nabal ya ƙwace a gaban samari 10, ta mayar a gaban mutum 400. Karin Magana 15:1 ta ce tattausar amsa takan kwantar da hasala, amma a lura tattausar amsar nan ba ta ɓoye gaskiya ba.

Ba ta kare mijinta ba, ta amsa cewa abin da ya yi wauta ne. Ba ta ce wa Dawuda ba shi da dalilin fushi ba. Ba ta kuma yarda da shirinsa ba: ta kira shi da sunansa, alhakin jini da ɗaukar fansa da hannun kai. Dabararta ita ce ta yi magana kamar Ubangiji ya riga ya hana shi, ta buɗe masa hanyar janyewa da mutuncinsa a gaban mutanensa. Ta tuna masa yaƙe-yaƙen Ubangiji yake yi, wanda ke nufin wannan ba ya cikinsu. Ta ce Allah zai wurgar da ran maƙiyansa kamar daga majajjawa, kuma ba sai an gaya wa wanda ya kā da Goliyat abin da ake tuna masa ba. Sa'an nan ta ɗauke shi daga daren nan ta kai shi shekaru gaba: ranar da ka zama sarkin Isra'ila, kada wannan ya zame maka abin baƙin ciki da nadama, cewa ka zubar da jini ba dalili. Mai fushi ba ya ganin abin da ya wuce wayewar gari. Aikin mai shiga tsakani shi ne ya nuna masa ranar da-na-sani tun tana gaba.

Dawuda ya saurari mace, matar abokin gabarsa, a gaban rundunarsa, ya karya rantsuwarsa. Ya yabi Ubangiji da ya aiko ta, ya yabi hankalinta, ya faɗi a fili abin da ya yi niyyar yi ba tare da ya rage shi ba, ya karɓi kayan, ya ce ta koma gida lafiya. Muguwar rantsuwa tuba ake yi daga gare ta. Hirudus ya cika tasa don kunyar baƙinsa, kan Yahaya Mai Baftisma ya tafi.

Idan irin wannan ya zo gaban ikilisiya

A fara da raba jiki da wurin. Zuciya tana bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, hannu na rawa: a wannan hali mutum ba ya auna magana, kuma jiki kan ɗauki aƙalla minti 20 kafin ya sauko, ya fi haka idan ana ci gaba da tuna abin. A fitar da shi daga inda abokin faɗan yake, a raba shi da masu zuga, a karɓi waya ko makullin babur idan ya yarda, a ba shi ruwa, a tambaya ko ya ci abinci ko ya yi barci. Mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu sun isa. Kwamiti guda a wannan matakin taron 'yan kallo ne, yana sa mutum ya kafe.

Bayan ya sauko, a bar shi ya ba da labarin sau ɗaya daga farko har ƙarshe ba katsewa, daidai da Yakubu 1:19, saurin ji da jinkirin magana. Sai a yi masa tambayoyi uku a rarrabe: me aka yi maka, me ka rasa, me kake shirin yi. A rubuta amsoshin idan ya yiwu. Da yawa sai sun ga na biyu da na uku kusa da juna suke gane ratar da ke tsakani. A tambaye shi kuma su wa abin zai shafa ban da mai laifin, ya kira sunayensu, domin fushi yakan ce "su" ko "gidan nan", da wuya ya ce wane da wance.

Afisawa 4:26 ta yarda cewa ana iya fushi ba a yi zunubi ba, kuma Markus 3:5 ta nuna Yesu ya dubi mutane da fushi saboda taurin zuciyarsu, abin da ya biyo baya kuwa warkar da shanyayyen hannu ne. Don haka kada a tilasta wa mai bi ya ce ransa bai ɓaci ba. Wanda aka koya masa cewa fushi kansa haramun ne yakan binne shi, ya fito bayan watanni a matsayin gaba, ko daina gaisuwa, ko ƙaurace wa Jibin Ubangiji. A kai fushin gaban Allah da sunansa, kamar yadda Zabura take yi, a miƙa masa hukuncin bisa ga Romawa 12:19. Wannan bai hana neman haƙƙi ba. Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: kai da shi kaɗai, in bai ji ba ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi sai ikilisiya. Yawancin rigingimu sukan lalace ne don an fara daga mataki na uku. A sa rana, a faɗi wanda zai je, a faɗi abin da za a nema, kuɗi ne ko janye magana. Sulhun da bai da rana ba a yin sa.

Kashi na biyu na ayar Afisawa, kada rana ta faɗi kuna fushi, ana yawan yi masa gurguwar fahimta, har ma'aurata su kwana suna jayayya don a gama kafin barci. Abigail ta dawo ta tarar da Nabal yana biki kamar na sarki, ya bugu. Ba ta ce masa komai ba sai da gari ya waye giya ta sake shi. Abin da za a ajiye kafin dare shi ne niyyar ramuwa. Maganar kanta tana iya jiran safiya, muddin an faɗi lokacin da za a yi ta.

Inda ba a kwafar labarin

Abigail ta ce laifin ya zauna a kanta, a matsayin wakiliyar gida da ke neman ceton rayuka. Ba daidai ba ne a ɗauki wannan a ce wa matar da mijinta ke duka ta amsa laifin da ba nata ba ta koma ta yi haƙuri. Inda akwai duka, ko makami, ko barazanar kisa, tsaron rai ne farko: a fitar da ita da yara zuwa wurin da ba za a same su ba, a kai mai rauni asibiti, a sanar da hukuma, wadda Romawa 13 ta ba aikin hukunta mai mugunta. Mai yawan fashewa da ke shan giya ko ƙwaya, ko wanda ya tsira daga hari yana firgita ba ya barci, yana bukatar likita tare da addu'a.

Nabal ya ji labari da safe, zuciyarsa ta mutu a cikinsa ya zama kamar dutse, bayan kwana wajen 10 Ubangiji ya buge shi ya mutu, Dawuda kuma ya auri Abigail. Nassi bai yi wa kowa alkawarin irin wannan ƙarshe ba. Wanda ya ce ya bar wa Allah amma kullum yana leƙen ko maƙwabcinsa ya kwanta ciwo, fansarsa yake jira ta wata ƙofa.

A kuma ci gaba da bibiya bayan an huce, mako guda, wata guda, musamman idan ɓangarorin za su ci gaba da haɗuwa a kasuwa ko a sujada. A babi na 26, da Saul ya sake faɗowa hannunsa a tudun Hakila, Dawuda ya hana jaruminsa Abishai kashe shi, ya ce Ubangiji ne zai buge shi ko kuwa ranarsa ta zo, alamar darasin Karmel ya shiga. Shekaru bayan haka ya hana Abishai ɗin sare kan Shimai, wanda ya zage shi ya jefe shi da duwatsu ranar da yake gudu daga ɗansa Absalom, daga baya har ya rantse masa ba zai mutu ba. Duk da haka, a kan gadon mutuwarsa, a 1 Sarakuna 2:8-9, ya tuna wa Sulemanu zagin, ya ce kada ya bar Shimai ba hukunci.